Ranar da Kaka ta tare wa jirgin sama hanya

Akwai ranakun da ke shuɗewa kamar inuwar gajimare, akwai kuma wadda ke zama daram a zuciya. Tawa ita ce ranar da jirgin sama ya fara sauka a ƙasarmu ta Illela. Ba na jin zan manta da ita muddin ina numfashi, kuma ba jirgin ne ya sa ba, kakata ce.

Lokacin ina 'yar budurwa, na sauke Alƙur'ani a makarantar mahaifina, na fara littattafai. Amma abin da aka fi sanina da shi a gida shi ne kallon sama. In an aike ni wajen dangi a Kalmalo, sai in shagala a bakin tafki ina kallon tsuntsaye har rana ta karkata.

Da bazara labari ya zo cewa wani Bature zai taso daga Sakkwato cikin jirgi, don ganawa da Baturen Faransa na Ƙonni kan maganar iyaka. Aka share wani dogon fili a hanyar Kalmalo, daga gabas zuwa yamma, aka tone kututture, aka cike ramukan kurege. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, tsohon soja ne, shi aka ɗora wa kula da filin, don an koya masa aikin a Sakkwato. Kayan aikinsa ba yawa: wutar da yake zuba wa ɗanyen ganye don ta yi hayaƙi, da dogon farin ƙyallen alawayyo da yake shimfiɗawa a ƙasa, matuƙi ya gani daga sama ya san bakin da zai shigo.

Da safe iska na busowa daga gabas. Kawu ya shimfiɗa alawayyo a bakin yamma, ya ce ta can jirgin zai shigo, ya gangaro ya tsaya a gabas. Saboda haka duk gari ya taru a bakin gabas, kusa da wata tsamiya: hakimi da mutanensa, 'yan kasuwa, malamai, mata can baya. Kakata kuwa, wadda ta haifi Kawu, tun asuba ta dama fura da nonon Fulanin ƙauyen Araba, ta zuba a sabuwar ƙwarya, ta rufe da faifai. A wurinta baƙo baƙo ne, ko ta ƙasa ya zo ko ta sama.

Muna nan tsaye har hantsi ya dubi ludayi, sai na ji gefen mayafina ya ɗaga ta inda ba ya ɗagawa ɗazu. Na dubi hayaƙin Kawu. Ya miƙe tsaye, ya ɗan yi shawagi kamar mai tunani, sannan ya kwanta ya nufo mu. Iskar damina ce ta fara leƙowa daga yamma, mai sanyi-sanyi da ƙanshin ƙasa. Daidai nan muka ji ƙugin jirgin.

Ya zo ya wuce ta kanmu, ya kewayo, bai sauka ba. Wani dattijo ya ce ƙila tarbar ce ba ta gamshe shi ba, a ƙara kiɗa. Kawu kuwa tuni ya naɗe alawayyo ya saɓo a kafaɗa, yana gudu yana haki. Ya shimfiɗa shi a gabanmu, ya ce kowa ya ja gefe, iska ta juya, yanzu ta wannan bakin jirgin zai shigo. Dogarai suka taya shi, jama'a ta dare gida biyu. Da fili ya yi fayau, sai ga mutum ɗaya tal a tsakiya. Kaka ce, ta shimfiɗa 'yar tabarmarta, ƙwarya a gabanta.

Kawu ya je ya durƙusa. "Inna, ki yi haƙuri ki tashi. Ta nan za ya sabka."

"Mi kac ce? Ta nan?" Ta gyara zama. "Ashe na dace da ƙohwa. Tun da Allah Ya yi ni ban taɓa tarbon baƙo daga gehe ba."

"Inna, wanga baƙo ba shi da linzami. In ya taho, ya taho."

"Ka tahi ka yi aikinka, ni ma nawa nika yi."

Jirgin ya sake zagayowa, ƙasa-ƙasa, har muna hango kan matuƙin yana leƙe. Na ji Kawu yana faɗa wa wani dogari cewa man da ke cikinsa ba zai riƙe shi a sama har abada ba, kuma muddin akwai mutum a fili ba zai sauka ba. Na dubi Kawu. Mutumin da ke iya tsawata wa gari guda, amma ba shi da bakin ɗaga wa uwarsa murya, balle ya kama hannunta a gaban jama'a. Dogarai ma suka sunkuyar da kai, don wa zai taɓa tsohuwa ɗanta na kallo?

Sai Kawu ya waiwayo, idonsa ya faɗa kaina. Nan take na gane. Abin da ɗa ba ya iya faɗa, jika na faɗarsa cikin wasa.

Na ruga na tsuguna a gabanta. "Tsohuwa, ashe duk shekarun nan ba ki iya shiƙa ba?"

Ta harare ni. "Ni? Ke da ba ki san komi ba sai ƙidayar tsuntsaye?"

"To in kina shiƙa iska ta juya, mi kika yi? Gardama kika yi da ita?"

"Sai in sake wurin tsayi mana, in ba ƙaiƙai nika so ga ido ba."

"Shi ma baƙon naki haka yake. Dubi can."

Na nuna mata tsamiya. Shamuwa ce, farkon zuwansu ke nan a shekarar, ta kewayo ta fuskanci iska, ta buɗe fikafikai, iskar ta tallabe ta har ta dire a hankali kan reshe. Na ce mata duk tsuntsun da na taɓa kallo a Kalmalo ƙirjinsa yake ba iska in zai sauka, don ita ke rage masa gudu. In ta biyo shi ta baya, tunkuɗa shi za ta yi ya wuce masauki.

Kaka ta bi shamuwar da kallo. Na ƙara da cewa, "Nan wucewa kawai za ya yi, ya cika miki hura da rairayi, a tahi Sakkwato a ce tsohuwar Illela ba ta iya damu ba. Can yamma za ya tsaya, kuma kin ga babu kowa can."

Ta kai hannu ta danne faifai. "Babu kowa? Baƙo ya sabka babu mai ce mai sannu?" Ta miƙo mini hannu. "Ɗaga ni, maras kunya. Ke ki ɗauko tabarma."

Muna kaiwa gefe Kawu ya ƙara ganye a wuta. Jirgin ya shigo ta gabas, ya taɓa ƙasa daidai inda tabarmar take ɗazu, ya yi ta gangarawa yana rage gudu. Mu kuwa muna bin gefen fili, Kaka na sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Kafin hakimi ya hau doki ya iso, ta riga kowa. Matuƙin ya sauko fuskarsa ja wur, ta miƙa masa ludayi. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Kaka ta dube ni ta ce, "Kin gani? Yunwa ce ta sa shi ta yawo bisa."

Yanzu ina aure a Kano, maigidana akawu ne a filin jirgi, inda jirage ke sauka su tashi tun daga safe har yamma. Ya ce akwai masu zama a wani bene mai tagogi, suna duban iska, suna magana da matuƙa ta wayar iska. Da zarar ta juya sai su juya hanyar saukar duka, na sama su yi ta kewaye suna jira, na ƙasa su yi ta gunaguni. Ranar da ya gaya mini haka dariya na yi, na ce ai aikin Kawu ne, sai dai su ba su da Inna a tsakiyar fili.

Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, sake wurin tsayuwa ba sake niyya ba ne. Tarbar baƙo ta fito yi, kuma sai da ta yarda ta tashi daga ƙofar da ta zaɓa sannan furarta ta kai bakinsa.