Usta Gwadabe, Mai Zama a Gaban Mota

Kafin rana ta yi zafi a unguwar Alshajara, Usta Gwadabe Salih, babban bakanike, ya riga ya zauna a kan tsohuwar kujerar mota a ƙofar garejinsa, da kofin shayin Hajja Rabi, mai shayin bakin garejin, a hannu, yana yi wa duk motar da ta shigo kallon wanda aka sha yi wa ƙarya. Aikinsa gyaran giyar mota ne, ita kaɗai. A watan nan zai ajiye sifana, kuma ya kamata a faɗi ko shi wane ne tun yana ji da kunnensa.

Gwadabe bai taɓa yarda da bakin direba ba. Ka ce masa giya ta uku tana fita da kanta, ko sandar giyar ta yi tauri, ko tana kuka in za ka sa ribas. Zai saurare ka har ka gama, sannan ya ce, "Tamam, na ji. Tayar, mu je." Sai ya shige gaba ya zauna, idonsa a kan hannunka da ƙafarka, ya fara jero tambayoyi. Ina ka bi jiya? Wa ke tuƙa ta ban da kai? Me ka ɗauko? A ganinsa, rabin ciwon giya a hannun direba yake, sauran rabin kuma a hanyar da ya bi ya ƙi faɗa.

To, a shekarun baya na mulkin soja, su wa aka sani da irin waɗannan tambayoyi? Direbobin tashar Suk al-Shabi suka fara rage murya in ya gifta. Aka ce kunnen hukuma ne. Suna kai masa mota don ba su da kamarsa, amma kowa na auna abin da zai fito daga bakinsa.

Dogo, direban bas mai zuwa Omdurman, ya fi kowa dalilin tsoro. Lokacin kasha ne, kamen da ake yi wa samari a titi a kai su soja. Dogo yakan sauka daga kwalta ya ratsa ta yashi da ɗalibai a kwance ƙarƙashin kujeru, ya kai su ƙauye. Da giyarsa ta fara tsalle a kan gada, dole ta kai shi Alshajara.

Gwadabe ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito yana murza wani jan yashi a yatsunsa.

"Ya zol, bawan Allah, wannan ba ƙurar kwalta ba ce. Da kaya kake binsa?"

"Wallahi Usta, daga Suk sai gada, daga gada sai Suk."

Gwadabe ya ɗauko kayan aikinsa. Ya canza robar gindin sandar, ya yanko tsohon tub na taya ya naɗe wurin don kada yashi ya sake shiga. Ya ce, "A yashi giya ta biyu ake bi. Kuma ka daina ɗora hannu a kan sanda kamar matashi." Dogo ya ja motarsa ya tafi, ya san Usta ya gano shi.

Ba a yi mako ba wata farar mota marar lamba ta tsaya a garejin. Gwadabe ya buɗe gaba ya zauna kamar kullum, suka tafi. Tasha ta ɗauka: kun gani ko, har gaban mota suke ba shi! Dogo ya tura iyalinsa can yankin Jazira, ya zauna yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Ba wanda ya ƙwanƙwasa, ba ƙofarsa ba, ba ta wani direba ba. Ashe surutun tasha ne ya kai wa jami'an tsaro labarin wani bakanike da ya san inda kowace mota take bi. Kama Gwadabe suka zo yi. Da aka sako shi bayan makonni, ya rame, yatsu biyu na hannun damansa sun daina lanƙwasawa. Hajja Rabi ce kaɗai ta iya tambayarsa, tana miƙa masa shayi.

"Usta, me ka gaya musu?"

"Na gaya musu giyar motarsu ta biyu ta kusa mutuwa. Ba su yarda ba."

Usta, kai ne ka san sirrin kowa a tashar nan, ka riƙe shi a cikinka alhali masu sirrin suna zaginka a bayan ido. Kai ne ka koma aiki da hannun hagu, ba ka taɓa neman sanin wa ya fara maganar ba. Abin yana da ciwo, kuma har yau ba wanda ya zo ya ba ka haƙuri a fili. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Masu tasowa a sana'a su koyi wannan a wurinka: a tambayi mota komai, a kama baki a kan mai ita.

Ranar Juma'ar da ta wuce Dogo, da furfurarsa, ya zo ya kai shi masallaci. Gwadabe ya zauna a gaba, ya dubi hannun Dogo a kan sanda. Dogo ya yi maza ya janye.

"Ina ka bi jiya?" in ji Usta.

A karon farko, Dogo ya faɗa masa gaskiya.