Telan da Ya Auna Taga Ɗaya

Rigimar farko da na ga ƙanen mijina ya sha kaye a cikinta a kan taga ce, kuma ashana ce ta kayar da shi.

Damina ce. Muna zaune a ɗakin matarsa, facalata, ta ƙudundune cikin mayafi tana mitar iska. Shi kuwa ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya, ya ce wace iska? Ai shi da hannunsa ya toshe kowace kafa ta tagar nan da ƙyalle, ko numfashin sauro ba zai wuce ba. Na ce to angona, tunda ka rantse, kunna ashana a gaban tagar mu gani. Ya ƙyasta ta farko, ta mutu. Ya ce ashanar ce ta yi sanyi. Ya ƙyasta ta biyu, ta mutu. Ya ce matar Yaya ce ta hura. Na toshe bakina da hannu bibbiyu. Ta uku ba ta mutu ba, sai dai wutar ta kwanta ta gefe ta lashe masa babban yatsa. Ya fita yana tsotsar yatsa yana cewa ashanar yanzu ba ta da tarbiyya.

Tela muke ce masa, don tun gemunsa bai tsiro ba yake kan keken ɗinki. Ni matar yayansa ce marigayi, katanga ɗaya ta raba gidajenmu, saboda haka ko tukunyarsu ta ƙone ni nake fara jin ƙauri. Mutum ne siriri, mara hayaniya, da ɗan doro da keke ya yi masa. A wajen sana'a ba a kama shi da ganganci. Ko rigar da ya ɗinka maka bara ka kawo ka ce ya yi irinta, sai ya sake auna ka, ya ce jiki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Amma abin da ya shafi gyaran gida, maganinsa ɗaya ne: ƙyalle. Ƙofa ta yi ƙara, ƙyalle. Famfo na yoyo, ƙyalle. Tagogin gidan nan shida na katako, waɗanda gara ta cinye cikinsu ta bar fenti yana riƙe da su don kunya, duk ya cusa musu guntayen yadin mutane. In ka tsaya a waje za ka iya gane duk wanda ya yi sabon ɗinki a unguwa.

Haka aka yi ta tafiya har daminar da facalata ta kwanta. Tari ne ya fara, muka ce mura ce. Da numfashinta ya soma fita da ƙyar aka kai ta asibiti. Likita ya ce sanyi ne ya kama mata huhu, ya kuma ce in Allah ya sa an sallame ta, kada ta sake kwana inda iska da danshi ke shiga, don jikinta ba zai ɗauki na biyu ba.

A bakin ɗakin marasa lafiya 'yarsu ta fari ta tare shi. Manaja muke kiranta tun tana 'yar mitsitsiya saboda son ba da umarni, ga shi ta girma ta samu ofis da kujera mai juyawa, abin ya zama gaske.

"Baba, in an sallami Umma gidana za ta wuce," in ji ta. "Har ta warke."

Tela ya dubi takalminsa. Ni da shi duk mun san irin wannan tafiya. Har ta warke ake cewa, sai a aiko a ɗauki akwati, a kwana biyu a aiko a ɗauki gado. Kuma shi bai taɓa musu da yarinyar nan ba, ko sunanta ba ya kira, kunyar 'yar fari ta cinye shi tun ranar da aka haife ta. Da ƙyar ya ce, "To in an canza tagogin fa?"

"In an canza kafin sallama, na zo na gani da idona, sai mu yi magana. Amma ba da tsumma ba, Baba."

Ban taɓa ganin mutumin nan yana sauri ba sai ranar. Kafin in ajiye kwanukan da na dawo da su daga asibiti, ya je wurin mai alminiyum ya ba da aikin tagogi shida masu gilashi, irin waɗanda ake turawa gefe. Ya daina cin abinci a zaune. Ya daina karɓar ɗinki. Kullum sai ya je shagon ya tsaya a kan mutumin kamar mai jiran haihuwa. Da mai alminiyum ya gaji da ganinsa ya ce gobe za a kawo, ya je ya share wuri, Tela ya dawo ya ɗauki guduma ya bi tagogin nan shida ya fizge su kaf. Ba su ma yi gardama ba, wata tana fita ta zube gari. Ya kira mai gidan burodi ya ce ya kwashe ya yi makamashi.

Na leƙo ta katanga na ga gida da ramuka shida kamar bakin tsohuwa irina. Na ce, "Angona, ba a jira sababbin su iso tukuna?"

Ya ce, "Matar Yaya, yau kam ki bar ni."

Na bar shi. Amma na ɗaga kai na ga gabas ta soma haɗa fuska.

Washegari aka sauke tagogi, suna ta walƙiya, unguwa ta fito kallo. Mai alminiyum ya ɗauki ta farko ya nufi ɗakin facalata. Ya kai ta gurbi, ta ƙi shiga. Ya juya ta, ya karkata ta, ta fi gurbin da kusan tafin hannu. Ya ce bari a gwada falo. A can kuma ta shige ta yi lilo kamar yaro cikin rigar ubansa. A kicin faɗin ya yi daidai, tsawon ya yi yawa. Mutumin ya ajiye ta a hankali ya share gumi.

"Baba, tagogi nawa ka auna?"

"Ɗaya."

"Ɗaya?"

"To ba gida ɗaya ba ne?"

Ni na san abin da Tela bai tsaya ya tuna ba. Surukina, Allah ya ji ƙansa, ɗaki-ɗaki ya gina gidan nan, in hali ya samu a yi ɗaya, a huta. Kowace taga kuma daga katakon da ya samu kafinta ya haɗa ta, sannan aka ɗora bango a kewayenta. Ba biyu da suka zo ɗaya. Na ce, "Kai da ko tagwaye aka kawo maka sai ka auna kowanne, yau kai ne ka yi wa gida guda ɗinkin 'yan makaranta?" Na so in ƙara, sai na ga ya zare tef ɗin daga wuyansa ya cusa a aljihu, na haɗiye sauran.

Mai alminiyum ya ce shi abin da aka kawo masa ya yi. Ragewa da ƙarawa sai an koma shago, an warware, an sake yanka gilashi, kuma akwai ayyukan mutane a gaba. Aka kira magini ko zai faɗaɗa gurbin ɗakin facalata. Ya ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, ya saurara, ya ce shi ba zai sa guduma a tsohon bangon da ya sha ruwan damina ba, in ya zube a kan wa? Tela ya ruga gidan burodi ko zai ceto tsofaffin. Ya dawo da sakata biyu a hannu, baƙi ƙirin, da ɗuminsu.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Manaja ce. Ta ce likita ya ce gobe sallama.

"An gama, Baba?"

"Ana kai," in ji shi.

Mai alminiyum ya bi gurbi-gurbi har ya samu inda taga ɗaya ta zauna ɗas, ya ɗaure ta, ya cike gefenta, ya loda sauran biyar a mota ya tafi. Ba sai na faɗa muku wace taga Tela ya auna ba: ta ɗakin ɗinkinsa ce, wadda ke gefen keke, don ita ce ya miƙa hannu daga kan kujera ya taɓa.

Bayan la'asar hadari ya sauko. Muka bi ramukan nan da leda da ƙusa, shi yana bugawa ni ina riƙewa, iska tana fizge mana tana mayar mana a fuska. Ruwa ya shigo ɗakin facalata a kwance, ya jiƙe katifa, ya bi ƙarƙashin gado ya ɗauko takalmanta ya kai su bakin ƙofa. Tela ya tsaya yana kallon takalman nan. Ya ce, "Shi ke nan. Gobe in yarinyar nan ta ga wannan, an tafi da ita ke nan." Na ja shi na ce mu fake, kada a sallami ɗaya a kwantar da ɗaya.

Ɗakin ɗinki muka shiga muka rufe ƙofa. Ya zauna a kan kujerarsa ruwa na ɗiga daga hularsa. Can sai ya ɗago kai ya dubi labulen da ke rataye a gaban sabuwar tagar. Ruwa na dukan gilashi kamar da gayya, labule kuwa ko motsi. Ya tashi ya bi gefen tagar da bayan hannu, sama da ƙasa. Sannan ya juyo ya dubi kekensa.

"Matar Yaya, kama mini nan."

"In kama me? Keken da ko shara ba ka bari a yi a ƙarƙashinsa?"

"Kama, don Allah."

Keken nan tun da na zo gidan a wurin nan na same shi, ƙafafunsa har sun yi rami a daɓe. Muka ja shi zuwa baranda ina nishi ina tsine wa ranar da na auri yayansa. Ya kwashe yaduka, ya sauke kanta, ya bi ƙasa da maganaɗisu yana tsince allurai don kada facalata ta taka. Da safe maƙwabta suka taya shi shigar da gadonta ɗakin, na ba da tawa katifar.

Da hantsi motar Manaja ta tsaya a ƙofar gida. Facalata na kujerar baya, ta rame, jakarta na bayan mota. Manaja ta fito ta ga ledoji biyar suna kaɗawa a bango, ta cire tabarau ta sake dubawa.

"Baba, wannan ne an canza?"

Ya nuna mata ɗakin ɗinki. Ta shiga, ta tura tagar, ta rufe, ta shafa bango, ta fito.

"Ɗakin ba laifi. Amma a shago zan ajiye Umma? Gida duk a buɗe? Iya, ke ma kina gani ba ki ce komai ba?"

Na ce, "Ni 'yar ɗaukar keke ce, ba a tambaye ni ba."

"A gidana akwai ɗaki da banɗaki a ciki, asibiti kusa, ga mai aiki. Nan in wani abu ya taso wa zai lura? Baba da ko taga bai iya aunawa ba?"

Tela ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, na ce a raina an gama. Sai facalata ta yi tari daga cikin mota, gajere, sau biyu. Manaja ta zabura ta buɗe ƙofa tana laluben magani.

"Kun ji ko? Baba, ka ji? Ko sauka ba ta yi ba tarin ya tashi! Asibiti za mu koma."

Abin da ya faɗa a nan shi ya sa aka buɗe bayan mota aka sauke jaka, don facalata dariya ta kama har da riƙe ciki. A ɗakin nan take kwana har yau, shi kuma yana ɗinki a baranda. Ranar dai, a ƙofar gidan, ya ɗago kai ya dubi 'yarsa ta fari ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba, ya ce:

"Ke yarinyar nan, mayar da maganinki. Tun ba a haife ki ba nake sauraron tarin matar nan. Na san na ƙirji, na san na a kawo shayi, na san na baƙo ya daɗe. Wannan na ku yi mini shiru ku shigar da ni ɗakina ne."