Neman Fuskar Yaya a Faifan Majigi

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da ɗan baffana a cikin motarsa, ko karyawa ba mu yi ba. Gombe muka nufa, sadakar arba'in ɗin yayana. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Na je jana'iza na dawo, amma wannan tafiya ta biyu har da wani dalili. Mahaifiyarmu, Inna, ta aiko mini saƙo ta bakin wani direban babbar mota: in zan zo, in zo da wanda ya iya kunna abin nan. Ba ta faɗi wane abu ba, ba ta kuma faɗi na wane ne ba. Ni dai na gane.

Yaya ɗan farinta ne. Inna Bafulatanar Gombe ce, babanmu ne Bakano da fataucin auduga ya kai shi can. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunan Yaya ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. In dole ta yi zancensa, sai ta ce "yayanku". Abin nan da take nufi kuwa, kyamarar ɗaukar fim ce da majiginta, waɗanda ya sayo a hajjinsa shekara uku da suka wuce, lokacin da sauran alhazai ke dawowa da rediyo da agogo. Ɗan baffana ya taɓa taya shi kunnawa sau biyu. Iyakar gwanin da na samu ke nan.

A Wudil muka fara cin karo da layin mai. Ƙasar da ake cewa mai ya yi mata yawa har ba ta san yadda za ta yi da kuɗinsa ba, ga mu a rana muna tura mota taku-taku har hantsi ya ɗaga. A Birnin Kudu muka ci masa mai zafi da miyar taushe, ita kaɗai ce abin da ya tafi daidai a ranar. Daga Darazo muka karkata hanyar Dukku, wadda ɗan baffana ya rantse ya san ta, ashe aikin titi ake yi. Ko'ina an tona, ko'ina an tara tsakuwa, ma'aikaci ko ɗaya ban gani ba. Sai ka bi kwalta mai santsi har ka fara gode wa Allah, sai ka ga ganga a tsakiyar hanya, a sauke ka cikin gonar mutane. A Dukku mai nono ta faɗi kuɗin fura, ɗan baffana ya ce bara ba haka ya saya ba. Ta ce, "Ai bana kowa ya yi kuɗi, shanu ma sun ji labari."

Bayan la'asar muka gangara Gombe. Garin a kwari yake zaune, zafin bazara in ya shiga ba ya samun hanyar fita. Muka isa gidanmu a Dawaki, muka gai da Inna. Ta tambayi hanya, ta tambayi iyali, ba ta tambayi abin da ta aika a kira mu dominsa ba. Washegari aka yi addu'a, aka raba waina da gumba, jama'a suka watse. Sai matar Yaya ta miƙo mini mabuɗin ɗakinsa.

Allah ya jiƙan Yaya, amma bai iya ajiya ba. Faifan fim goma sha huɗu na tarar cikin kwalin sabulu, a saman kabad, dab da rufin kwano, a ɗakin da ba shi da silin. Uku sun narke sun manne kamar alewa. Sauran babu wanda aka rubuta wa rana, ko wuri, ko sunan wani. Ɗaya ne kawai ke da rubutu, da birorsa: "Mai kyau."

Ina cikin jera su sai ga Kawu, ƙanin Inna, ya shigo da tsumma a ƙudundune, fuskarsa cike da fara'ar wanda ya yi aikin lada.

"Na rage muku wahala," in ji shi. "Waɗannan huɗun ba komai a cikinsu. Na ɓare su da wuƙa, na ɗaga a rana ɗaya bayan ɗaya. Ko inuwar mutum babu."

Ga wanda bai san kayan ba: fim ɗin yana zuwa ne a rufe cikin wani baƙin kwanson roba, a jefa shi cikin kyamara, a ɗauka, a cire, a kai gidan waya a aika ƙasar waje a wanko. Sai bayan wata biyu ko fi ya dawo a naɗe a faifai. Kafin a wanke, in haske ya taɓa shi, shi ke nan. Waɗannan huɗun su ne na ƙarshe da Yaya ya ɗauka bai kai ga aikawa ba. Matarsa ta ce a cikinsu akwai na Babbar Sallah, rana ɗaya tak da ya ba wani abokinsa kyamarar, shi ya zauna cikin 'ya'yansa.

Kawu kawu ne. Na ce, "Sannu da aiki, Kawu." Na fita na ɗauki buta na yi alwala, alhali ba lokacin salla ba ne.

Da muka jona majigin, ƙwan ya kama, amma faifai ya ƙi juyawa. Gwanina ya buga shi ta dama, ya buga ta hagu, ya ce da haka Yaya yake yi. Muka naɗe shi a bargo sai Kasuwar Gombe. Can bayan 'yan tireda aka nuna mana rumfar wani dattijo Ibo mai gyaran rediyo, wanda ya fi ni daɗewa a garin. Yana ganin majigin ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Na Alhaji mai silima ne. Kai ƙaninsa ne? Allah ya ba ku haƙuri." Ya kwance bayan, ya zaro wani baƙin abu mai danƙo. "Bel ne ya narke. Sau nawa na ce masa kada ya ajiye kusa da kwano."

Ya yanko roba daga tsohon tubun keke, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa, faifai ya juya. Na gaya masa abin da muke nema: fuskar Yaya a cikin faifan.

"Za ku sha wuya," ya ce. "Mutumin nan ba ya ba kowa kyamara. Na ce, Alhaji, kawo in ɗauke ka ko sau ɗaya. Ya ce ni zan girgiza masa. Ni! Shi da yake ɗauka kamar mai korar ƙuda."

Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe na yanka fim da haɗa shi, ya ja ƙyauren rumfarsa, ya ce mu je.

Bayan azahar muka toshe tagogin ɗakin Yaya da barguna, muka kafa farin zane a bango. Ɗakin ya zama tanda. Sau biyu ana ɗauke wuta, mu zauna cikin gumi muna jira. Inna ba ta ce za ta kalla ba. Ta dai shigo da faifan wake tana tsincewa, ta zauna can bakin ƙofa, wai nan ne iska take, a ɗakin da ko tafin hannunka ba ka gani sosai.

Kowane faifai minti uku ne da 'yan kai, kuma babu murya, sai ƙarar injin. Na farko motocin auduga ne. Na biyu ma motocin auduga ne. Uku cur filinsa ne na unguwar Arawa: bulo, yashi, bulo, wani lebura yana ɗaga hannu, bulo. Akwai ragon suna tun yana tsaye har aka rataye shi, amma jaririn da aka yi taron dominsa ko ƙafarsa ba mu gani ba. Kyamara ba ta tsayawa wuri ɗaya. Kafin ka gane fuskar mutum an fizge ta an kai kan bishiya, daga bishiya sai sama, daga sama sai takalman Yaya suna tafiya, don ya manta bai saki maɓalli ba. Ɗan baffana har jiri ya kama shi. Na ajiye "Mai kyau" sai can, ina sa rai. Da muka saka, fiffiken jirgin sama ne da gajimare, daga farko har ƙarshe.

Ban san ana jin haushin mamaci haka ba. Na zauna ina ce masa a zuci, Yaya, shekara uku, ko sau ɗaya ba ka juyo da abin nan ka dubi kanka ba?

Inna kuwa ta fito a fim ɗin sau biyar. Sau biyar ɗin nan duk abu ɗaya ne: tana tsakar gida, ta ɗago, ta ga wanda ke riƙe da kyamara, ta ja mayafi ta juya baya. Muna kallo, tana bayanmu. Ba wanda ya waiwaya. Na dai ji tsintar wake ta tsaya.

A faifai na goma, wanda ya ɗauka ranar da aka kawo wa matarsa sabbin kayan ɗaki, kyamara ta bi gado, ta bi jeren kwanoni, ta wuce ta gaban kabad. Mai gyara ya buga cinyarsa.

"Ga shi nan! Madubi!"

Ni ban ma gani ba. Ɗan baffana ya kai hannu zai tsayar, dattijon ya doke hannun.

"Kada ka tsayar! Ƙwan nan wuta ne. In fim ya tsaya a gabansa, kafin ka ce wayyo ya huda shi."

Ya kashe, ya warware faifan da hannu, yana riƙe da gefe-gefe, ba ya taɓa tsakiya. Ya ce akwai dabara: a yanko wurin, kamu biyu, a haɗa bakinsa da gindinsa ya zama zobe, sai ya yi ta zagayawa a majigi. Amma yanka ne, sai da izini. Na dubi wajen ƙofa. Inna ta ce wa bango, "Ku kuka sani."

Ba da reza ya yanka ba, ba kuma da salatif ɗin kanti ya haɗa ba, don ya ce shi salatif, da zafi ya taɓa shi sai ya zubar da danƙo. A kan ɗan ƙarfen nan ya ɗora, haƙoransa suka shiga hujojin fim ɗin, ya datse, ya manna da nasa siririn tef. Ya zura zoben, ya kunna.

Gado, kwanoni, kabad. Sai ga Yaya cikin madubi, da farar riga, kyamara ta rufe rabin fuskarsa, ido ɗaya a runtse, bakinsa a ɗan buɗe kamar yana yi wa wani magana. Ƙiftawa biyu, ya wuce. Gado, kwanoni, kabad, ya dawo.

A zagaye na uku na saci kallon Inna. Ta ajiye faifan wake. Kanta a ɗage, tana dubansa sosai, yadda ban taɓa gani ba. Ya wuce ya dawo, ya wuce ya dawo, ba ta kawar da kai ba.

"Hular a karkace," ta ce. "Kullum a karkace."

Mai gyara ya matso kusa da ni ya ce a hankali, kowane zagaye yana cin fim ɗin. Kafin in san yadda zan faɗa mata, ita da kanta ta ce, "Ya isa." Muka naɗe zoben a farar takarda, muka saka a gwangwani mai murfi, na manna takarda na yi rubutu. Ta tambaye ni me na rubuta. Na ce sunansa. Ta ce, "To." Ta karɓa ta kai ƙarƙashin gadonta, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan.

Da safen da za mu taho na tarar da sabon kwanso guda a aljihun jakar kyamara, wanda wuƙar Kawu ba ta kai gare shi ba. Na saka, na fito tsakar gida, na ce, "Inna, zan ɗauke ki." Ni ba ɗan fari ba ne, ba ta da dalilin juya mini baya. Ta gyara mayafi, ta dube ni, ta dubi abin da ke hannuna.

"Miƙa wa ɗan'uwanka," ta ce. "Kai zo nan ka zauna."

Na miƙa masa. Na maimaita masa abin da dattijon ya koya mana: rana ta kasance a bayanka, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari, ka ƙirga goma kafin ka motsa. Na zauna a gefen tabarmarta. Ba mu yi komai ba, zama kawai muka yi har fim ɗin ya ƙare.

Ta Bauchi muka biyo a dawowa, don na rantse ba zan sake ganin gangunan hanyar Dukku ba. Ta fi nisa, kuma layin mai na can bai fi na Wudil mutunci ba. Muka shigo Kano ana kiran magariba.

Yanzu da kowa ke sayen irin kayan nan, ga abin da tafiyar ta koya mini, ko zai amfani wani. Ka rubuta rana da wuri da sunayen mutane a kan kowane faifai tun ranar da ya dawo, kada ka ce za ka tuna. Ka nisanta shi da rufin kwano. Wanda ba a wanke ba ka kulle shi, ka kuma gaya wa dattawan gida dalili, tun kafin su taimake ka. Bulo da mota ba sa zuwa ko'ina, mutane za ka ɗauka, ka kuma tsaya a kan fuska har a gane mai ita. Sannan ka riƙa miƙa kyamarar, ko da wanda za ka ba zai girgiza.

Na kai kwanson gidan waya da kaina, an ce in saurara nan da wata biyu. Ɗan baffana ya rantse mini hannunsa bai motsa ba, amma a Darazo ma haka ya rantse ya san hanya. Ko da ya yanke mana kawuna, za a dai ga mutum biyu a tabarma ɗaya.