Rigar Yaya a Dandalin Haɗejiya

Mu uku ne ranar: ni, da yayana, da babban ɗansa. Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na bayan Kirikasamma, muka tsallaka a kwale-kwale, don ruwan bana ya cinye hanya. Ciyawar kacala ta shaƙe kogin, mai tuƙi yana turawa da gora yana tsaki. Inda ubanmu ke jefa birgin kamun kifi a da, yanzu ko agwagwa sai ta nemi hanya.

Ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Shekara biyu ke nan Yaya ya daina gane mutane. Ni da muka sha nono ɗaya, "baiwar Allah" yake ce mini. A zamaninsa ɗan kokawa ne, kuma a dandalin Haɗejiya ya yi suna. Sai na ce a kai shi can a kaɗa masa takensa, ko Allah zai sa ya dawo.

Daga bakin ruwa muka shiga mota. Kuɗinta ya ninka na bara, ramukan titi ma haka. Na sayi ƙosai a tasha, mai ya fi wake yawa. Yaya ya riƙe nasa a hannu har muka isa.

Dandalin nan na san shi tun ina yarinya. Ubanmu ya ce nan fataken Barno ke sauke kanwa su ɗauki bandar kifi. Nan mai shela ke tsayawa in an ga wata. Bayan kaka kuwa, da la'asar, ƙauyuka su hallara a kafa da'ira, maganga, wato makaɗa, su zauna gindin tsamiya. Ɗan kokawa ba ya ajiye rigarsa a ƙasa, kuma ba ya ba bare, don gudun a yi masa asiri da ita. Jininsa yake miƙa wa. Ta Yaya ni nake riƙewa, in ƙanƙame ta a ƙirji har ya kayar.

Da muka sauka sai da na tambayi hanya, alhali a tsakiyar wurin nake. Babu tsamiya. An zuba siminti, babura sun yi layi, ga rumfunan masu waya kowa da lasifikarsa. Na nemi tsohon magangan, aka ce ya rasu da daɗewa, aka nuna mini ɗansa, dattijo mai sayar da takalman roba.

Ya ce, "Hajiya, gangar tana rataye a gida, fatarta ta fashe. Wa zai biya a ɗaure?"

Na ce, "Ba ciniki na zo ba. Hannunka ma ya fashe?"

Ya yi dariya, ya jawo jarka ya soma buga taken Yaya. Farkon ya fito daidai, tsakiyar ta ɓace masa. Sai na ga yatsun Yaya suna ƙarasa kiɗan a cinyarsa. Ya miƙe tsaye yadda ban ga ya yi ba tun da ciwon ya kama shi. Ya tuɓe rigarsa a gaban 'yan acaɓa, ƙasusuwan haƙarƙari a waje. Wani ya fara dariya, na dube shi sau ɗaya, ya haɗiye.

Na miƙa hannu biyu. "Kawo, Yaya."

Ya ja rigar baya. "A'a, baiwar Allah. Ƙanwata ke riƙe mini. Tana gindin tsamiya."

Ya yi ta waige yana neman tsamiyar. Ɗansa ya ce, "Gwaggo, mu tafi, ana kallonmu." Da ƙyar muka lulluɓe shi da mayafina. Har muka tsallaka ruwa muka iso gida, rigar tana dunƙule a hammatarsa.

Abin da na gano a tafiyar nan, Yaya bai manta da dandali ba, bai manta da ƙanwarsa ba. Su ne babu. Tsamiyar an sare, yarinyar kuma ta zama wannan tsohuwar da bai sani ba.

Washegari na dama kunun tsamiya na kai masa. Yana zaune, rigar a cinyarsa. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. In kin ga ƙanwata ki ce ina jira."

Shekara biyu ina ce masa ni ce. Ranar na ce, "To, zan faɗa mata."