Ƙwarya Biyu da Shafi na Arba'in

A hutun damina na koma gida Dakoro da babin ƙarshe na memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala digiri. Malamin da ke duba aikina a jami'a, wanda muke kira Mushe da Faransanci, ya ce in aika masa kafin Juma'a, in ba haka ba sai baɗi.

Aikin lissafi ne a kan sinadaran cikin ƙwayar halitta. Ina zana su da kibiyoyi: wannan yana ƙara wancan, wancan yana rage wani. Akwai tsarin da in ka fara gwaji biyu, ɗaya ya fi ɗayan yawan sinadari, wanda ke gaba ba ya taɓa komawa bayan ɗayan. Irinsa yakan lafa, ya daina hawa da sauka. A shafi na arba'in na rubuta cewa tunda yana lafawa, duk inda aka fara wuri ɗaya za a ƙare. Na karanta jimlar sau da yawa, ban ga aibunta ba.

Ran Laraba aka kawo wa Inna madara daga Azagor. Ta raba ta ƙwarya biyu, ta ce in zuba tsohon nono a kowace don ta kama. Na zuba ludayi guda a ta farko. Ta biyu ɗan ɗigo na sa, don in gani.

Da safe ta buɗe faifan kowace ƙwarya. Ta farko ta yi kindirmo. Ta biyu ta tsinke, ruwa a sama, tana wari.

"Ke 'yar lakwal mai boko, mi kika yi ma madarata?"

"Inna, jinkiri kawai ta yi. Za ta cim ma 'yar'uwarta."

"Ta cim ma wa? Wannan ta gama tahiyarta. Zauna ki jira ta har Sallah."

Na zauna kuwa, da kaye, littafin rubutuna, a cinya, har azahar. Ba abin da ya motsa. Duka biyun sun lafa, kowace a nata wurin.

Na buɗe shafi na arba'in. Ban san ko madara tana bin ƙa'idar kibiyoyina ba, har yau ban tabbata ba. Amma na nemi layin da ya hana lissafina ƙarewa wuri biyu, ban same shi ba. Shafi goma sha ɗaya ne suka dogara da jimlar nan.

Ran Juma'a na aika babin, na ja layi a kan jimlar, na rubuta a gefe: "Mushe, nan ban gane ba." Sannan na je na wanke ƙwaryar da madararta ta tsinke.