Ƙullin Inna

Ko zan manta da komai a duniya, ban da makon bikin autarmu a Gwandu. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga amarya da duwatsu a goshi sai gabana ya faɗi.

Innarmu, Allah ya jiƙanta, ita ke shirya wa amaren unguwarmu maɗaurin goshi na ƙananan duwatsun ado. Mu huɗu ne mata a wurinta, mu ukun kowa da maɗaurin da ta shirya aka kai mu ɗaki. Saura auta, wadda za a kai Kalgo, garin da ni ma nake aure. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, amma ko kusa ba ta yarda a faɗa ba. Kwana tara ta yi a kan tabarma a ƙofar ɗaki, tana lalubar duwatsu a faifai tana zurawa a zare.

Ana jibi ɗaurin aure na iso, ta miƙo mini maɗaurin tana murmushi. "Duba na autata. Ya yi?" Wallahi sai da kunya ta rufe ni. Kore ya shiga cikin shuɗi, ja ya faɗa gurbin fari, zanen duk ya karkace. Na ce, "Ya yi kyau, Inna." A raina kuwa matan Kalgo nake hange. Na san bakinsu, kuma ni ce zan zauna da habaicinsu.

Ga ni da rawar kai da ganin na iya. Washegari da hantsi maƙwabta suka tafi da Inna gaisuwar rasuwa a garin Malisa, sai na ɗauko almakashi na datse zaren. Aikin kwana tara ya zube a faifai. Kafin su dawo na sake shirya shi tsaf, na mayar ƙarƙashin matashinta. Har ina ce wa kaina ai ba gani take yi ba. Kaico!

Ranar kai amarya ɗaki ya cika da mata, Inna ta ce da hannunta za ta ɗaura. Ta ɗauko shi, yatsunta suka bi duwatsun daga wannan baki zuwa wancan. Suka tsaya. Suka sake bi. Nan na tuna abin da na manta: Inna takan yi ƙulli bayan kowane dutse bakwai, don ko zare ya tsinke kada duka su watse. Ni kuwa baki da baki kawai na ƙulle.

Ta ɗaura, ta yi addu'a, aka rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Tsohuwa, ashe idonki garau!"

Ana shiga motoci ta kira ni ɗakinta. "Nawa ya ɓaci ƙwarai, ko?" Na fara rantse-rantse. Ta ce, "Bari, ɗiyata. Da kin gaya mini, ai sai ki zamna kusa gare ni, kina miƙo mini launi ina ƙulli. Wanga shi ne na ƙarshe, ni ma na sani." Ta laluba ta turo mini gwangwanin duwatsunta. Kuka na yi har Kalgo, mutane na zaton na rabuwa da gida ne.

Inna ba ta sake taɓa zare ba har ta rasu bayan damina biyu. Abin da ya fi ci mini rai, auta na nan da maɗaurin a akwatinta. Takan fito da shi ta nuna wa 'ya'yanta, ta ce, "Aikin hannun kakarku na ƙarshe ke nan." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, har yau na kasa gaya mata.

Tun daga nan na gane, in ƙarfin babba ya fara gazawa, a zauna kusa da shi a taya shi, kada a ƙwace masa aiki a ɓoye. Ido kawai Inna ta rasa. Hannunta ni na raba ta da shi.