Ƙasar Wajen Zainulabidin

Zainulabidin ɗan Alhaji Manu ne, mai fataucin hatsi a Kafur. Burinsa ɗaya tun yana sakandare: ya shiga jami'a kafin mahaifinsa ya ɗora shi a kan harkar buhuna. Shi kuwa Alhaji ya yarda zai bar shi ya ci gaba, muddin aka nuna masa amfanin bokon da ido.

Da makarantarsu ta zaɓe shi cikin shirin musayar ɗalibai da ƙasar waje, sai yaron ya ga hujja ta samu. Gwaggo Hajjo ta ƙulla masa kuka da daddawa, kada abincin Turawa ya kassara ɗan ƙaninta. Aka saya masa rigar sanyi mai nauyin bargo. Sai dab da tafiya aka bayyana cewa ƙasar wajen Nijar ce, garin Maraɗi, kuma a mota.

A aji Faransanci ake yi, bai tsinci komai ba. A waje Hausa ake yi, nan ma gyara masa ita suke. Matar gidan da ya sauka ta karɓi daddawarsa, ta yi godiya, ta ajiye kusa da tata.

Ya dawo da jawabi tsararre a kan haɗin kan matasan Afirka, ya durƙusa a gaban mahaifinsa zai fara.

"To, Malam na ƙasar waje," in ji Alhaji, "me suke ci a can?"

"Tuwon masara, Baba. Wai ma daga wajenmu ake kai musu, rububinta suke yi."

Alhaji ya gyara zama. "Ka ga kasuwar da idonka?"

"An zagaya da mu, Baba. Amma abin da na koyo..."

"Ka koyo shi. Ashe na zalunci makarantar nan. Ranar da za a yi lodin masara zuwa Maraɗi, kai za ka bi motar."

Yau Zainulabidin ya fi duk malamansa fita ƙasar waje. Rigar sanyin ma ba a yi asararta ba, don iska na kaɗawa a saman buhuna. Jami'a na nan inda take. Makarantar kuwa, duk ranar rabon kyaututtuka, sai ta ambace shi a matsayin shaidar cewa shirin yana buɗe wa ɗalibai hanya.